Melanoma Fiye da Ɗaya a Jikin Majiyyaci a Lokaci Guda: Matsalar Ganewa da Magani

1.0 Gabatarwa

Abin da aka saba sani game da ciwon daji shi ne yakan tsiro a wuri ɗaya, daga nan ya bazu zuwa sauran sassan jiki. Saboda haka idan likita ya ga ciwo biyu a jikin mutum guda, abin da zai fara zo masa a rai shi ne ɗayan ne ya haifi ɗayan. A wannan takarda za mu duba wani hali da ya saɓa wa wannan zato, watau inda majiyyaci ya zo asibiti da melanoma biyu ko fiye, kowace ta tsiro da kanta, aka kuma gano su a lokaci guda. Manufarmu ita ce mu nuna cewa rarrabe wannan hali da yaɗuwar ciwo shi ne ginshiƙin magani, kuma matakin farko na rarrabewar shi ne duba fatar majiyyaci gaba ɗaya.

2.0 Ma'anar Melanoma

Melanoma sankara ce da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launinta. Takan fito kamar tawadar Allah, ko kuma ta taso daga cikin tawadar da mutum ya daɗe da ita, sai a ga tana girma, gefenta ya karkace, launinta ya gauraya. A ƙididdigar 2020 an kiyasta mutum wajen 325,000 ne suka kamu da ita a duniya, wajen 57,000 kuma suka rasu. Ta fi yawa ga fararen fata, musamman a Ostireliya da Niyu Zilan, inda zafin rana ya haɗu da fatar da ba ta da isasshiyar kariya.

A 1970 Alexander Breslow ya nuna cewa kaurin ciwon, watau zurfin da ya yi cikin fata, shi ne babban ma'aunin haɗarinsa. Wadda ba ta kai milimita 1 ba, galibi tiyata kaɗai ke warkar da ita. Wadda ta haura milimita 4 kuwa, haɗarin yaɗuwarta babba ne.

3.0 Tarihin Matsalar da Yawanta

A 1932 Shields Warren da Olive Gates suka kafa sharuɗɗa uku na cewa mutum yana da sankara biyu masu zaman kansu. Na farko, a tabbatar kowace sankara ce. Na biyu, kowace ta kasance daban da 'yar'uwarta. Na uku, a kawar da yiwuwar cewa ɗayar yaɗuwar ɗayar ce. A 1952 George Pack da abokan aikinsa suka kawo rahoton majiyyata 16 masu melanoma fiye da ɗaya, daga nan likitoci suka soma mai da hankali a kan lamarin.

Wani bincike da aka buga a 2005 daga asibitin Memorial Sloan Kettering na Niyu Yok ya duba majiyyata 4,484. An sami 385 daga cikinsu, watau kashi 8.6 cikin ɗari, suna da melanoma biyu ko fiye. Kashi 59 cikin ɗari na waɗannan, an gano ta biyun ne kafin shekara ta zagayo da gano ta farko. Har ila yau, kashi 21 cikin ɗari suna da dangin da suka yi ciwon, alhali a cikin masu melanoma ɗaya kashi 12 ne kawai.

Ya kamata mu lura cewa masana ba su haɗu a kan ma'anar "lokaci guda" ba. Wasu sun iyakance shi ga wata ɗaya bayan gano ta farko, wasu sun kai shi wata uku. Wannan saɓani ne ya sa alkaluma ke bambanta daga bincike zuwa bincike. Amma ko wace iyaka aka ɗauka, abin da take nufi ɗaya ne: ciwon na biyu yana nan a jiki ranar da aka ga na farko, ko an duba ko ba a duba ba.

4.0 Uwa Biyu ko Uwa da 'Ya?

Nan ne zuciyar matsalar take. Melanoma takan aika 'ya'yanta ta hanyoyin ruwan jiki da ke zuwa kaluluwa, su tsiro a fata kusa da uwar, ko a kan hanyar da ke tsakaninta da kaluluwar. Takan kuma aika su ta jini zuwa fata mai nisa. A ido, 'yar da ta tsiro haka tana iya kama da sabuwar melanoma, amma kama da wane ba wane ba ne. Masanin da ke duba tsokar a madubin likita yakan nemi alamu kamar haka:

(a) Sabuwar melanoma takan soma daga saman fata, a ga ƙwayoyinta sun bazu a can gefe da gefe. Wadda ta yaɗu kuwa, galibi a cikin fata take zama dunƙule, saman bai taɓu ba.

(b) Samun ragowar tawadar Allah a jikin ciwon yana nuna a nan ya tsiro.

(c) Idan ciwon farko siriri ne ƙwarai, da wuya a ce shi ya aika 'ya zuwa wani sashe mai nisa.

(d) Inda shakka ta rage, akan gwada ƙwayoyin gadon ciwukan biyu. Alal misali, a 2002 aka gano sauyin ƙwayar BRAF, wanda ake samu a wajen rabin melanomar fata. Idan ɗaya tana da shi, ɗayar ba ta da shi, hujjar cewa asalinsu daban ne ta ƙara ƙarfi.

Sakamakon kuskure a nan ba ƙarami ba ne. Mu ɗauka mutum yana da melanoma siririya a baya da wata siririya a ƙafa. Idan uwa biyu ne, yana mataki na farko, tiyata biyu za su iya raba shi da ciwon. Idan aka ɗauki ta ƙafar a matsayin yaɗuwa, an jefa shi mataki na huɗu ke nan, da fargabarsa da magunguna masu tsada da illa waɗanda ba ya bukata. Idan kuma yaɗuwa ce aka ɗauke ta sabuwa, an hana shi maganin da zai iya tsawaita ransa.

5.0 Magani da Bibiya

Ƙa'idar da ake bi wajen sanya mataki ita ce a ɗauki ciwon da ya fi muni, a kuma rubuta cewa ciwon fiye da ɗaya ne. Amma wajen tiyata kowace melanoma da nata hukunci. Wadda ba ta wuce milimita 1 ba akan yanke ta tare da santimita 1 na lafiyayyar fata a kewayenta, wadda ta haura milimita 2 kuma da santimita 2. Haka nan gwajin kaluluwar farko da ciwo ke malalawa cikinta, wanda Donald Morton ya bayyana a 1992, akan yi wa kowace nata idan kaurinta ya kai, domin ta baya tana iya zuwa hammata, ta ƙafa kuwa gindin cinya.

Bayan tiyata, irin wannan majiyyaci yana bukatar a riƙa duba fatarsa har iyakar rayuwarsa. Amfanin wannan a bayyane yake, domin melanomar da ake ganowa daga baya galibi ta fi ta farko siranta. Bugu da ƙari, tun 1994 aka danganta ƙwayar gado CDKN2A da melanomar da ke bin dangi, kuma sauyinta yana ƙara haɗarin sankarar gaɓar ciki mai samar da insulin. Don haka wanda ya yi melanoma uku ko fiye akan ba shi shawarar gwajin gado, a kuma duba iyayensa da 'yan'uwansa da 'ya'yansa.

6.0 Abin da ya Shafe Mu

A wajen baƙar fata melanoma ba ta da yawa, kuma ta fi fitowa a tafin ƙafa, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce, wuraren da ba ruwansu da zafin rana. Sau da yawa sai ta zama gyambo kafin a kawo majiyyaci asibiti. Darasin dai bai sauya ba: wanda aka ga ciwo a ƙafarsa ta dama, a duba ta hagu, da tsakanin yatsu, da farata, da sauran jiki.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa samun melanoma fiye da ɗaya a lokaci guda ba abin mamaki ba ne, kuma ba lalle ne ya zama alamar yaɗuwa ba. Shawararmu ita ce, duk ranar da aka gano melanoma ɗaya, a duba majiyyaci daga fatar kai har tafin ƙafa, a cire duk tabon da ake shakka, a aika kowane ɗakin gwaji a kwalbarsa daban, da rubutun wurin da aka ciro shi.