Kunne Shi Ne Madubin Mai Keke

Direban mota yana da madubi uku da ke nuna masa abin da ke tafe a bayansa, kuma ƙarfe ya kewaye shi ta kowane gefe. Mai keke kuwa galibi ba shi da ko ɗaya. Abin da yake dogara da shi wajen sanin cewa tirela ko babur na biye da shi, shi ne kunnensa. To, wannan kunne ne matasa da yawa suke toshewa a yau da 'yar na'urar sauraron nan da ake kira iyafis, su hau kwalta suna jin waƙa ko labaran rediyo.

Al'adar ta samo tushe tun shekarar 1979, sa'ad da kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, ƙaramin rakoda mai shiga aljihu. Da wayar hannu ta zo, sai abin ya game ko'ina, har ga ɗalibai da ma'aikata masu zuwa makaranta ko ofis a kan keke.

Haɗarin abu ne na lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan waƙa ta hana mai keke jin ham na daƙiƙa biyu kacal, motar ta riga ta ci fiye da mita 30. A daidai wannan lokaci ne yakan karkata don kauce wa rami ko ya shiga kwana, yana zaton bayansa fayau yake. Bugu da ƙari, ba ji kaɗai abin ke ragewa ba. Hankalin da ya tafi ga waƙa ya bar hanya ke nan.

Saboda haka ne ƙasar Faransa ta haramta sa wannan na'ura ga masu tuƙi, har da masu keke, daga ranar 1 ga Yuli, 2015, ta kuma sa tarar Yuro 135 ga wanda ya saɓa.

Amma ba sai an jira doka ba. Wajibi ne mai keke ya cire na'urar kafin ya hau, ya waiwaya kafin ya juya, ya miƙa hannu don nuna inda ya nufa, ya kuma tabbata birki da fitila suna aiki. Idan an kira shi a waya, ya sauka gefen hanya ya amsa. Hausawa sun ce jiki ya fi kunne ji. A kan kwalta kuwa, wanda ya bari sai jikinsa ya ji, ba lalle ne ya sami damar gyara kuskurensa ba.