Mai gida, rabon hutu ma aikinka ne

Idan damina ta kama, daga Sassumbrum har Magarya da Dungas kowa ya ɗauki hauya. Mai gida shi ne shugaban aiki. Shi ke raba wa ƴaƴa da ƙanne aikin gandu. Shi ke ɗaukar ƴan ƙwadago. Amma akwai abin da muke yawan mancewa, wato rabon hutu.

Iyayenmu ba su mance ba. A tsarin gandu na da, ba a riƙe saurayi a gonar gida mako ɗungum. Ana bar masa kwanakinsa, ya je ya noma gamanarsa, wadda wasu ke kira gayauna. Abin da ya girbe nasa ne, da shi yake ɗinka riga, da shi yake tanadin aure. Ran Juma'a kuwa a jingine hauya.

Yanzu wani mai gida yakan riƙe yara daga asuba har magariba, kwana bakwai. Yana ganin riba yake ci. Ina riba? Wanda ya gaji yakan sare gero tare da ciyawa. Wani hauya ta sari ƙafarsa, ya kwanta ana tsakiyar noman farko. Saurayin da aka hana shi gamana kuwa, wata rana sai a ji ya ƙetare iyaka, yana Daura ko Kano. Gandu ya rasa hannu biyu.

Hukuma ma ta yi magana. Dokar aiki ta Nijar ta shekarar 2012 ta ce ma'aikaci zai yi awa 40 a mako, kuma ya huta awa 24 a jere kowane mako. Ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14. An yi dokar ne don masu albashi, amma jikin matar manomi da na ma'aikaciya duk ɗaya ne.

Mu dubi matanmu. Mace ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ta dama fura, ta kai gona da goyo a baya, sannan ta duƙa noma. Yaushe ta huta? Mai ciki a rage mata duƙawa da ɗaukar kaya masu nauyi. Ranar awo a bar ta ta je asibiti, ko da ana maimai.

A fita gona da sanyin safiya. In rana ta take, a koma inuwa. Gawo ba shi da ganye da damina, sai a nemi kuka ko tsamiya. A sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta yi ƙarfi. Jiki magayi ne: wanda ya ji jiri ko ciwon kai, ko ya ga fitsarinsa ya yi ja, ya zauna ya sha ruwa. In zazzaɓi ya biyo baya, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira sai an gama kunya.