Masu Alkawarin Goge Bashi: A Yi Hattara

Daga Ƙofar Doka zuwa Kwarbai da Babban Dodo a birnin Zariya, da wuya a sami majalisar da ba a taɓa karanta irin wannan saƙo a waya ba: wai za a goge maka bashin NIRSAL, ko a cire sunanka daga jerin masu taurin bashi, kai dai ka turo kuɗin fom da lambar BVN. Wani sa'in har da tambarin Babban Bankin Najeriya a saman saƙon, don ya yi kama da na hukuma.

Masu wannan sana'a sun san inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi. A 2020, lokacin kullen korona, Babban Banki ya ware naira biliyan 50 a zangon farko don rancen iyalai da ƙananan 'yan kasuwa, ta hannun bankin NIRSAL. Da yawa sun ɗauka rabon arzikin ƙasa ne, alhali rance ne da wa'adi. A ranar 1 ga Agusta na shekarar kuma tsarin GSI ya fara aiki, wanda ya ba banki ikon cire kuɗinsa daga duk asusun da ke ɗaure da BVN ɗin mai bashi, ko da a wani banki yake. Sai tela ya karɓi kuɗin ɗinkin Sallah ta asusu, kafin ya isa kasuwa sayen zare an zare su. Mutumin da ke cikin wannan hali, duk wanda ya ce masa "akwai hanya" zai ba shi kunne.

To, babu hanyar. Bashi ba ya goguwa sai an biya, ko wanda ya ba da shi ya yafe. Tarihin bashin kowa yana hannun kamfanoni 3 masu lasisi, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma wanda ya ba ka rancen ne ke aika musu da bayani. Dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba ka damar ganin rahotonka, ka ƙalubalanci kuskure in akwai. Wani ɗan tsakani a WhatsApp ba shi da mabuɗin wurin. Abin da yake so shi ne kuɗin fom, sannan lambar sirrin da banki zai turo maka, ya yashe ɗan abin da ya rage.

Kashi na biyu sun fi wayo, don su da gaske suna ba da kuɗin. Manhajojin rance ne masu tallan "biya duk basussukanka yau, ba jingina, ba mai tsaya maka". A ce ka nemi dubu 20: a yanke dubu 5 tun a sama, a turo maka 15, a nemi 20 da ɗori cikin mako guda. An tona wani rami ke nan don a cike wani, ga kuma riba wadda addini ya haramta. Ranar da ka gaza, sai saƙo ya isa wayar surukinka da limamin unguwa cewa kai ɓarawo ne. A cikin ganuwa, inda kowa ya san gidan su kowa, wannan tozarci ya fi bashin ciwo. Kan irin haka hukumar NITDA ta ci Soko Loan tarar naira miliyan 10 a 2021, hukumar kare masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu a Legas a Maris 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan waya a 2023. Duk da haka suna nan, sai sauya suna. FCCPC na wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta na intanet. A duba kafin a sauke.

In bashin na banki ne, taka da ƙafarka zuwa reshen. Nemi cikakken lissafi a takarda, ka roƙi a tsawaita wa'adi ko a rage abin da ake cira duk wata, kuma duk abin da aka amince a rubuta, a buga hatimi. In ka kai ƙorafi mako 2 ba amsa, rubuta wa sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki. Ba a biyan ko kwabo. Bashin ɗan'uwa ko abokin ciniki kuwa, zama gaban mai unguwa da shaidu biyu, a tsara biya kaɗan-kaɗan a rubuce, ya wadatar.