Mene Ne Daffon Mai Na Gusau?

Duk lokacin da layin mota ya yi tsawo a gidajen mai, sai a ji ana ambaton daffo. Daffo rumbu ne na manyan tankuna, inda ake tara fetur da kananzir da gas kafin a loda wa tankoki.

Na Gusau mallakar NNPC ne. An tsara shi ya sha mai ta bututu daga matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ya biyo ta Zariya. Daga daffon tankoki su bi ta Bungudu zuwa Sakkwato da Kebbi.

Tun kafin bututu, dogo ne ya ɗaga Gusau. Layin da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, yana kwasar gyaɗa da auduga.

Yau matatar ta daɗe a tsaye, jirgin ƙasan ma ya yi ƙaura. Dole tanka ta ɗauko mai tun daga Kudu, kuma ɗan acaɓa da mai injin niƙa da manomin rani ne ke biyan kuɗin wannan doguwar tafiya. Abin da ciwo.