Sajen da Ya Jinginar da Gonarsa Don Yara Su Je Makaranta

A shekarun 1920, in aka sanar a wani birnin Amurka cewa Saje Alvin York zai yi jawabi, zauren kan cika ya batse. Kowa ya zo ne ya ji daga bakin mai ita yadda wani manomi daga duwatsun jihar Tennessee ya koma sansaninsu da fursunonin yaƙi 132 a safiya guda. Sai dogon mutumin nan mai jan gashi ya miƙe, ya taɓa maganar yaƙi sama-sama, ya karkata ga abin da ya kawo shi: yaran ƙauyensu da ba su da makarantar kirki, da kuɗin da ake bukata a gina musu ita. Da yawa kan watse ba su ji abin da suka zo ji ba. Shi ko a jikinsa.

An haife shi ranar 13 ga Disamba, 1887, a Pall Mall, wani ɗan ƙauye a kwarin Kogin Wolf, dab da iyakar Tennessee da Kentucky. Shi ne na uku cikin 'ya'ya 11, a gidan katako mai ɗaki biyu. Mahaifinsa manomi ne kuma maƙeri, ana zaman hannu baka hannu ƙwarya. Duk karatun da Alvin ya yi a rayuwarsa, in an harhaɗa shi, bai wuce wata 9 ba, domin da zarar aikin gona ya taso ake cire yaro daga aji. Abin da ya ƙware a kai shi ne bindiga. A yankinsu farauta ita ce naman miya, kuma gasar harbin talotalo ita ce wasan maza.

Mahaifinsa ya rasu a 1911. Yayyensa biyu sun riga sun yi aure sun kama gabansu, sai nauyin uwa da ƙanne ya dawo wuyansa. Ya yi leburanci a aikin hanyar jirgin ƙasa, ya yi saran katako, abin da ya rage a aljihu kuma ya tafi a mashayar bakin iyaka, inda ake sayar da giyar da aka dafa a ɓoye, ake kuma tashi da faɗa. A irin wannan faɗa aka kashe wani amininsa. Bayan haka jikinsa ya yi sanyi. A farkon 1915 ya tuba, ya shiga wata ƙaramar ɗariƙar Kirista mai tsauri, wadda ta hana giya da caca da zubar da jini. Har ya zama mai jagorantar waƙa a coci da koyar da yara ranar Lahadi.

Ana cikin haka Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a watan Afrilun 1917, aka wajabta wa samari rajistar aikin soja. A takardar rajistarsa, inda aka tambayi ko yana neman a ɗauke masa, York ya rubuta a taƙaice cewa ba ya son yin yaƙi. Hukuma ta yi watsi da roƙon, aka tura shi sansanin horo na Gordon a jihar Georgia, cikin runduna ta 82. A can ya ci sa'ar shugabanni biyu masu haƙuri, Kyaftin Edward Danforth da Manjo Edward Buxton. Maimakon su jefa shi gadurum, sai suka zauna da shi da Littafi Mai Tsarki a buɗe, shi ya kawo aya, su kawo aya. Daga ƙarshe suka ba shi hutun kwana 10 ya je gida ya yi shawara da zuciyarsa. Ya dawo ya ce zai tafi. Da ya haifi ɗa daga baya, sai ya sa masa sunan manjon.

Abin da ya sa sunansa ya zagaye duniya ya faru ne ranar 8 ga Oktoba, 1918, a dajin Argonne da ke Faransa, kusa da ƙauyen Chatel-Chéhéry. Bindigogi masu jigida na Jamusawa sun tsare bataliyarsu daga kan tudu, ba gaba ba baya. Aka tura mutum 17 ƙarƙashin Saje Bernard Early su zagaya ta bayan abokan gaba. Suka yi dace suka auka wa wasu Jamusawa ba shiri, suka kama su. Suna cikin tattara fursunonin sai masu jigida da ke kan tudu suka juyo da bakin bindiga. Nan take mutum 6 suka mutu, 3 suka ji rauni, har da shi Early. Ragamar ta faɗo hannun York, lokacin yana kofur, da sojoji 7.

Ya samu wuri ya yi ta ɗauke duk wanda ya ɗago kai daga bayan bindiga. Da wasu suka taso masa da wuƙaƙen bakin bindiga, sai ya zaro ƙaramar bindigarsa. A yadda ya ba da labari, na ƙarshen layi ya fara harbi, yana tahowa gaba, kamar yadda suke yi wa garken talotalo a gida don kada na gaba su ankara su watse. Hafsan Jamusawa, Laftana Paul Vollmer, ya ga asarar ta isa, ya miƙa wuya. Kafin su isa sansani fursunonin sun kai 132. Aka ƙara masa girma zuwa saje, aka ba shi lambar jarumta mafi girma ta Amurka, Faransa ma ta ba shi tata. Bayan mako biyar yaƙin ya ƙare.

Gaskiya dai ba shi kaɗai ya yi aikin ba, kuma wasu daga cikin waɗanda suka tsira sun daɗe suna ƙorafin an manta da su. Sai a 1929 aka ba Early tasa lambar. Amma jarida ta fi son gwarzo guda ɗaya. Da mujallar Saturday Evening Post ta buga labarin York a Afrilun 1919, kafin ya sauka daga jirgin ruwa a Amurka ya riga ya zama abin kallo.

Masu fim da masu talla suka yi masa caa da tayin kuɗi masu kauri. Ya ƙi duka, yana ganin bai dace mutum ya ci abinci da jinin da aka zubar ba. Ya koma Pall Mall, ya auri Gracie Williams ranar 7 ga Yuni, 1919, gwamnan jihar da kansa ya ɗaura auren. Kyauta ɗaya ya karɓa, gona mai eka 400 da ƙungiyar Rotary ta Nashville ta yi alkawari. Ita ma ta zo da ƙura: kuɗin da aka tara ba su kai ba, gidan ba a gama shi ba, ga farashin amfanin gona ya faɗi bayan yaƙi. Gwarzon ƙasa ya wayi gari da bashi a ka, sai da aka yi masa gidauniya a ƙarshen 1921.

Mene ne ya sa mutumin da bai gama biyan bashin gonarsa ba ya ɗauko wa kansa ginin makaranta? Aikin soja ne ya buɗe masa ido. A bariki ya zauna da 'yan birni da 'ya'yan baƙi 'yan ci-rani, ya ga Faransa, ya ga New York, ya dawo ya dubi gundumarsu ta Fentress da sabon ido. Hanya babu, in ruwa ya sauka sai dai alfadari. Ƙasar tudun Cumberland, inda gundumar take, ba ta da kauri, ga tsami, ga gangare. Manomi ya shuka masara a wuri ɗaya shekara da shekaru, ruwa na kwashe ƙasar sama yana kaiwa rafi, in gona ta gaji ya sare wani dajin. Maganin kuwa sananne ne a tashoshin binciken noma: a zuba farar ƙasa don kashe tsamin, a riƙa sauya shuka da dangin wake, a yi huɗa a gicciye maimakon bin gangare, a zaɓi iri. Sai dai duk wannan a rubuce yake, manomin kuma ba ya karatu.

Lokacin ma ya dace. A watan Fabrairun 1917, makonni kaɗan kafin shiga yaƙi, Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a dokar Smith-Hughes, wadda ta ware kuɗin tarayya don biyan malaman gona a makarantun sakandare. Dokar ta gindaya sharaɗi mai ma'ana: dole ɗalibi ya yi aikin gona na zahiri, a ƙarƙashin kulawa, aƙalla wata 6 a shekara. Shi ya sa malamin gona na ƙaramin gari ya fita daban da sauran malamai. In an tashi daga makaranta, shi aikinsa bai ƙare ba. Zai bi yaro har gida, ya leƙa ɗan maraƙin da yake kiwo ko 'yar gonar masarar da uba ya yankar masa, ya buɗe littafin lissafinsa ya ga nawa aka kashe a dusa, nawa a taki. Uban na tsaye a gefe da hannu a aljihu kamar ba ruwansa, amma in masarar ɗan ta fi tasa kai, baɗi shi ma zai sayi irin. A 1928 ɗaliban irin waɗannan azuzuwa suka kafa ƙungiyar manoman gobe ta ƙasa, FFA, a Kansas City.

Irin wannan makaranta York ya so, wadda za ta haɗa karatu da noma da sana'ar hannu, kuma ba ta wata ɗariƙa ba. Ya kafa gidauniya, ya jawo manya irin su Cordell Hull, ɗan majalisar yankin wanda daga baya ya zama sakataren harkokin wajen Amurka. Ya yi ta yawon jawabi yana tara kuɗi, ya yi ta sintiri a majalisar jiha har ta ware dala 50,000. Daga nan aka shiga kai ruwa rana da manyan gunduma kan inda za a kafa ginin da wanda zai riƙe ragama. York ya yi tsayuwar gwamen jaki, har ya taɓa yin murabus ya ce zai buɗe tasa daban. Aka sha zuwa kotu. A ƙarshe ya yi nasara, makarantar koyon aikin gona ta Alvin C. York ta buɗe ƙofa a garin Jamestown a watan Disambar 1929, shi ne shugabanta.

Ba a fi wata biyu ba ke nan da rushewar kasuwar hannayen jari ta New York. Tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, kuɗin da jiha ta yi alkawari suka ƙi fitowa. Makaranta a irin wannan yanki kuwa ba ta da amfani in babu mota, don gidajen a warwatse suke cikin kwazazzabai, yaro ba zai tako mil goma da safe cikin sanyi ba. Sai York ya jinginar da gonar nan tasa, wadda da ƙyar ta fita daga bashi, ya biya kuɗin motocin ɗaukar ɗalibai.

Duk da haka a 1936 aka tsige shi daga shugabanci, a 1937 jihar ta karɓe makarantar gaba ɗaya. Masu adawa da shi suna da abin faɗa: mutum mai karatun wata 9 yana shugabantar malamai masu digiri, ga taurin kai, ga rashin iya riƙon kuɗi, wanda ya bi shi har tsufa. Amma masu digirin sun daɗe a jihar kafin ya dawo daga Faransa, ba wanda ya gina irin wannan makaranta a Jamestown. Bayan an cire shi bai yi zuciya ba, ya ci gaba da ba makarantar gudummawa.

Fim ɗin da ya ƙi yarda a yi sama da shekara 20, ya amince da shi a 1940, lokacin da Hitler ya tayar da Turai, shi kuma yana son kuɗin gina makarantar addini. Fim ɗin, mai suna Sergeant York, ya fito a 1941, Gary Cooper ya hau matsayinsa har ya ci kyautar Oscar, kuma babu fim ɗin da ya kai shi ciniki a shekarar. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, York ya nemi komawa fagen fama yana da shekara 54, aka duba ƙibarsa da ciwon gaɓoɓi aka ba shi haƙuri, aka sa shi zagaya sansanoni. A gida kuma yana cikin kwamitin ɗaukar soja na gundumarsu, inda ya ga ana mayar da ƙarti majiya ƙarfi gida saboda ba su iya karatu ba. Abin ya ci masa rai har ya ce a ba shi su ya jagorance su da kansa, tunda harbi dai ba a fi su ba.

Kuɗin fim ya jawo masa rigimar haraji da ta ɗauki shekaru, sai a 1961 shugaban majalisar wakilai Sam Rayburn ya jagoranci tara kuɗin da aka kashe maganar. A lokacin ya daɗe a kwance, tun shanyewar jiki da ta same shi a 1954. Ya rasu ranar 2 ga Satumba, 1964, a asibitin tsofaffin sojoji na Nashville, yana da shekara 76, aka mai da shi Pall Mall aka binne a maƙabartar Kogin Wolf.

Makarantar na nan tana aiki a Jamestown, a kan fili mai kusan eka 400, jihar Tennessee ce ke gudanar da ita kai tsaye, kuma har yau ana koyar da noma a cikinta. Babbar hanya mai lamba 127 da ta bi ta gabanta, wadda York ya yi fafutukar a gina, sunansa take ɗauke da shi, kuma ta nan ɗaliban gundumar Fentress ke shigowa kowace safiya.