Rubutaccen shirinmu: Sai na mayar da komai zet-sko kafin fakta analisis da SEM?

Ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Tambayar daga wani ɗalibi ɗan Sabuwa take, yana digiri na biyu a Zariya. Ya zagaya da takardar tambayoyi wajen manoman masara a Sabuwa da Faskari, yana son auna yadda rashin tsaro ya taɓa nomansu. A bayanansa akwai kuɗin shiga da naira, girman gona da hekta, buhunan da aka girbe, sai tambayoyin nan na zaɓi 1 zuwa 5. Wani ya ce masa ya fara mayar da komai zet-sko. To, ya yi ko kar ya yi?

Zet-sko dai shi ne ka cire matsakaici daga kowace amsa, ka raba da standad dibiyeshan. Sai matsakaicin kowane ma'auni ya koma sifili, bazuwarsa ta koma ɗaya. Wato an auna naira da hekta da mudu ɗaya.

In fakta analisis na lalube za ka yi a SPSS, ɗan'uwa, kar ka wahalar da kanka. Manhajar da korileshan take aiki in ba ka canza mata ba, shi kuwa korileshan ya riga ya daidaita komai. Ka yi, ba ka yi ba, sakamakon ɗaya ne. Sai dai in ka juya ta zuwa kobariyans, nan kam naira za ta danne sauran, don alƙalumanta sun fi girma.

SEM kuma wata magana ce. AMOS da lavaan da kobariyans suke lissafi. Tun 1989 Robert Cudeck ya nuna a mujallar Psychological Bulletin cewa in ka ba irin wannan lissafi korileshan a madadin kobariyans, kuskuren ƙiyasi na iya fitowa ba daidai ba. Da shi kuwa ake yanke hukuncin ko alaƙa tana da ƙarfi.

Amma abin da ya fi damuna shi ne kwatancen. A ce, misali kawai, matsakaicin girbi a Sabuwa buhu 15 ne, a Faskari 25. Ka daidaita kowace ƙaramar hukuma daban, duka biyun sun koma sifili. Ina bambancin da ka sha rana ka nemo? Ka goge shi da hannunka. Haka ma in kana kwatanta girbin bana da na shekarun baya.

To ya za ka yi da nairar, tunda lavaan kan yi gargaɗi in bazuwar wani ma'auni ta yi wa sauran nisa? Raba ta da 100,000. Naira 850,000 ta koma 8.5, ma'anarta ba ta ɓace ba. Ka dai rubuta a babi na uku cewa ka yi hakan.

Daidaitattun alƙaluman da malaminka zai nema kuma, manhajar ce za ta ba ka bayan ta gama. A AMOS akwai akwatin da za ka danna a saitin sakamako. Ka kawo duka biyun a teburinka, don wanda ba a daidaita ba shi ke faɗin ƙarin hekta ɗaya buhu nawa yake kawowa.

Masu tambaya ku ajiye a ƙasa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.