Kwamfuta ɗaya, hannu da yawa

Tambayar da ta kai ni wata ƙaramar cibiyar koyon kwamfuta a birnin Maraɗi ita ce: yaya wanda bai mallaki na'ura ba yake koyon rubuta manhaja? Malamin wurin ya tarbe ni da ruwan sanyi, ya nuna mini benci.

Ɗaki ne guda, da fanka ɗaya, da tsofaffin kwamfutoci na hannu. Ɗalibai sun fi na'urorin yawa, don haka layi ake bi. Akwai 'yan cikin gari, akwai masu hawo kabu-kabu daga Tibirin Gobir. Linux aka ɗora wa na'urorin, tsarin da Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991, domin kyauta ne kuma tsohuwar na'ura tana ɗaukarsa. Babu hoton da za a latsa. Baƙin allo ne, sai abin da ka rubuta da yatsunka. In an ɗauke wuta, kowa ya jawo littafi ya ci gaba da rubuta Python da biro, malam yana bi yana duba inda aka manta baka ko aya.

A bencin baya na zauna da wata budurwa 'yar Jiratawa, garin noman rani da ke kudu da Maraɗi. Mahaifinta zogale yake nomawa a fadamar garin, ita ke riƙe masa lissafi. Burinta ƙaramar manhaja da za ta riƙa tara kuɗin buhunan da aka sayar, ta cire na taki da na ban ruwa.

"Malam, kusan wata na yi ina gina ta," in ji ta. "Kullum rabin awa nake samu. Ran nan na zo na buɗe, sai na tarar da aikin wani a ciki. Ba mugunta ya yi ba, sunan fayil ɗinmu ne ya zo ɗaya, ya rubuta a kan nawa. Har gida ina kuka. Kuɗin motar da Baba ke ba ni, daga zogalen nan yake fitowa."

A lokacin duk ɗaliban da suna ɗaya suke shiga na'urar. Abin da ya same ta ya sa malamin ya buɗe wa kowa sunansa da kalmar sirrinsa, ya kuma jawo darasin izinin fayil zuwa makon farko. Da rumbu yake yi musu misali: akwai mai rumbu, akwai mutanen gida, akwai sauran jama'ar gari, kuma ba kowa ke zura hannu ba. Izini uku ne, kowanne da lambarsa: karantawa 4, rubutawa 2, kunnawa 1. Sai a haɗa su, a ba kowane rukuni rabonsa.

Ta jawo allon rubutu ta nuna mini. Ta buga ls -l, jerin haruffa suka fito a gaban kowane fayil. Ta buga chmod 700 a kan jakar aikinta: ita tana da 7, sauran ba su da komai. Wani yaro daga gefe ya gwada shiga, na'ura ta amsa masa da Faransanci cewa ba a ba shi izini ba. Ya ce, "Mushe, in sa 777 mana, kowa ya huta?" Malamin ya girgiza kai. "A'a, ɗana. Wannan ka buɗe wa duniya ke nan. Ka ba mutum daidai abin da aikinsa ke buƙata."

Yanzu manhajarta tana aiki, amma ba ta iya taɓa ta sai ta zo Maraɗi. Abokan karatunta masu wayar Android sun sauke Termux, suna gwada umarnin a gida da dare. Ita ƙaramar waya gare ta, sai dai ta yi bita a littafi.

Yaran nan sun kawo himma, sun kawo haƙuri. Abin da ya rage shi ne lokaci a gaban na'ura. 'Yan kasuwar Maraɗi da ma'aikatan da ke da tsohuwar kwamfuta ajiye tana cin ƙura, ku goge bayananku ku miƙa ta ga irin waɗannan cibiyoyi. Na'ura ɗaya tana iya mayar da rabin awar ɗalibi ta zama awa guda.